Gashin Bakin Insaf

Zaglul Atiyya ya shekara arba'in yana ba mutanen Iskandariyya dariya, amma idan ka faɗa masa haka sai ya girgiza kai ya ce, "Ni? Ni dai tsayawa nake kusa da Insaf in sha zagi. Ita ce mai wasan." Insaf matarsa ce. Shekara talatin da takwas suna tare a gida da dandali, daga rumfunan bakin teku lokacin zafi zuwa gidajen biki da wuraren mauludi, ba inda ba su kafa akwatinsu ba.

Wasan da aka fi saninsu da shi shi ne na Hajj Dabbus. Insaf takan saka jallabiyar maza, ta naɗa rawani, ta manna wani shirgegen gashin baki na ƙarya, ta fito a matsayin tsohon manomi mai taurin kai. Zaglul kuma shi ne saurayin birni da ya zo neman 'yarsa. Kafin Hajj Dabbus ya yi magana sai ya yi gyaran murya sau uku, na ukun da ɗan fito a ƙarshensa kamar butar shayi ta tafasa, sannan ya doka sanda a ƙasa ya ce, "A gidan nan? Ina raye?" Kuma ba ya yanke hukunci sai ya shawarci ɓaunar da yake tatsa, wai ita Aziza. Har direbobin tasi sun ɗauki maganar, idan ka nemi ragi sai ka ji an ce maka, "A motar nan? Ina raye?"

Yanzu shekara shida ke nan da rasuwar Insaf, Zaglul kuma ya ba saba'in baya. Bai yi rantsuwar barin wasa ba, wasan ne ya ƙi yiwuwa, domin duk barkwancin da ya iya rabi ne: shi yake ɗorawa, ita take saukewa. Ko a gidan gahawar da yake zama kullum da hantsi, idan ya faɗi magana sai ya ɗan dakata kamar mai jiran amsa daga damarsa. Abokansa sun saba, sukan bar masa wannan ɗan shirun, ba wanda yake cike shi. Ba mutum ne mai ƙunci ba. Yana cin kifinsa, yana tsokanar masu shayi, yana yi wa likitansa ƙarya. Duk ranar Juma'a kuma bayan ya dawo daga masallaci yakan buɗe akwatin kayan wasa, ya fito da gashin bakin nan, ya taje shi da ƙaramin mataji, ya sake masa kafur saboda asu, ya mayar.

Wata ranar Talata yana zaune a gidan gahawar sai ga wata mata, za ta yi shekara arba'in, da jakar malaman makaranta a kafaɗa, ta tsaya a kansa.

"Ustaz Zaglul?"

"Idan likita ne ya aiko ki, ki ce masa na mutu tun jiya, ya huta."

Ta yi dariya, sai ya ga wushirya a bakinta, irin wadda ya shekara talatin da takwas yana kallo. Ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Sunana Tahani," in ji ta. "Ni 'yar Hajj Mitwalli ce, daga Kafr Gimmeza. Matarka gwaggota ce."

Zaglul bai taɓa taka Kafr Gimmeza ba, bai kuma taɓa ganin Hajj Mitwalli ba. Abin da ya sani kaɗan ne, don Insaf ba ta son zancen. Tana da shekara goma sha takwas ta ga wata ƙungiyar 'yan wasa a mauludin garin Dasuk, ta bi su. Mahaifinsu ya riga ya rasu, yayanta Mitwalli ne babba a gida, ya rantse ba za a sake ambaton sunanta a gabansa ba. Da za su yi aure Zaglul ya aika masa takarda, ta dawo ba a buɗe ba. Da ta rasu ya buga waya ƙauyen, ba wanda ya zo.

"Zauna, 'yata," ya ce. Ya kira mata shayi, domin baƙo baƙo ne. "Me Hajj yake so?"

"Ya yi jinya da sanyin nan, har mun cire rai. Da ya tashi sai ya ce a nemo masa mijin Insaf, ya zo da kayan wasansu. Wai yana so ya ga abin da ta bar gida dominsa."

"Ki ce masa ya makara da shekara shida. A'a, ki ce da arba'in da shida."

"Na san za ka faɗi haka, Ammu," ta ce, wato baffa.

"Ya ce yana neman gafara?"

"Baba? Tun da aka haife ni ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba. Ko ƙafarka ya taka, kai zai jira ka ba shi haƙuri."

"To, kin gani."

Tahani ta juya kofinta a kan tebur. "Ni ba don shi kaɗai na zo ba. Mu goma sha ɗaya ne a gidan, ban da jikoki. Ko hotonta ba mu taɓa gani ba. Tun ina ƙarama tsofaffin ƙauyen suke cewa ina kama da wata, in na tambaya wace ce sai su yi shiru."

Zaglul ya zaro jakar aljihunsa ya miƙa mata wani ƙaramin hoto da ya sha hannu. Ta daɗe tana kallo. Shi ma ya daɗe yana kallonta tana kallo.

"Ƙarfe nawa jirgin ƙasa yake tashi zuwa Damanhur?" ya ce.

Ranar Alhamis da safe suka tafi, akwatin yana kan cinyarsa, ya ƙi yarda a ɗora shi sama. Wani fasinja mai shisshigi ya tambaye shi me ke ciki da yake rungume da shi haka.

"Gashin bakin matata," in ji Zaglul.

Mutumin ya tashi ya koma wata kujera.

Daga Damanhur suka shiga motar haya, aka cusa su da kwandunan agwagi, suka bi gefen magudanar ruwa tsakanin gonakin auduga har Kafr Gimmeza. Mahaifiyar Tahani, Hajja Bahiyya, ita ta tare su a ƙofa, gajeruwar tsohuwa mai saurin hannu. Ta riƙe akwatin da shi kamar za ta ƙwace, tana cewa, "Marhaba da mijin Insaf, gidan ya haskaka." Ta faɗi sunan da ƙarfi, kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe da hana ta.

Hajj Mitwalli yana zaune a kan dakali a ƙarƙashin itacen ɓaure a tsakar gida. Dogo ne, shekarunsa tamanin, farin rawani, da gashin baki wanda ya rufe masa leɓe. Zaglul ya yi sallama, tsohon ya amsa ba tare da ya miƙe ba. Aka kawo shayi. Zaglul ya kai kofi baki ke nan sai tsohon ya yi gyaran murya. Ya sake yi. Na ukun ya fito da ɗan fito a ƙarshensa.

Shayin ya bi Zaglul ta hanci.

Tahani ta shiga buga masa baya, ta ce wa mahaifinta, "Baba, bari a kawo masa kujera mai jingina daga gidan maƙwabta, ya sha hanya."

Hajj ya doka sandarsa a ƙasa. "Aron kujera? A gidan nan? Ina raye?" Ya juya wajen garken da ke gefe, inda wata baƙar ɓauna take tuƙa. "Ke Aziza, kin ji abin da take cewa?"

"Aziza?" in ji Zaglul da ƙyar.

"Wannan ce ta bakwai," Tahani ta raɗa masa. "Duk wadda ya saya sunan ke nan."

Nan fa abin ya ƙwace masa. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya yi har hawaye suka zubo, sannan bai san lokacin da dariyar ta ƙare ta bar shi da hawayen ba. Shekara talatin da takwas Insaf tana ce masa ita ta ƙirƙiro Hajj Dabbus daga kanta. Ashe kullum da yayanta take hawa dandali. Shekara shida bai ji wannan muryar ba, yau ga ta a gabansa da rawaninta da sandarta, tana hararsa.

"Lafiyarsa kuwa?" Hajj ya tambayi 'yarsa.

"Shayin ne, Hajj," in ji Zaglul yana share ido. "Na birni ba ya da ƙarfi haka."

Wannan ya yi wa tsohon daɗi. Ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ne mijin?"

"Ni ne."

"Na ɗauka ka fi haka tsawo."

"Ita ma kullum haka take cewa."

"Bayan la'asar za ka nuna mana. Yanzu a ba shi abinci, ga shi nan kamar bai taɓa ganin man shanu ba."

Aka shimfiɗa masa a ɗakin baƙi: gurasar fitir mai zafi tana naso, zuma, tsohon cuku, miyar lalo da naman agwagwa. Zaglul ya kasa ci. Da Hajja Bahiyya ta shigo duba shi sai ya ce, "Hajja, akwai matsala. Babban wasan nan namu, ba zan iya yin sa a gidan nan ba."

"Akwai batsa a ciki?"

"Ina ma batsar ce."

Ya buɗe akwatin ya warware ƙyallen da ke naɗe da gashin bakin. Hajja ta dubi gashin bakin, ta leƙa ta taga ta dubi mijinta, ta sake duban gashin bakin. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suka fara rawa.

"Ta yi shi a gaban mutane?"

"Ya fi sau dubu uku."

"Wayyo Allah, cikina!" Ta zauna daɓas a kan tabarma. "Ka ga, an kawo ni gidan nan ina 'yar shekara sha shida, ita tana bakwai. Kuka nake kullum, ina tsoron mijin, don shi tun yana saurayi tsoho ne. Sai ta ja ni bayan tanda, ta manna gemun masara a leɓe, ta yi mini shi. Da ba don yarinyar nan ba da na gudu gidanmu tun satin farko."

"To kin ga dalili. Na zo gidan mutum, na ci abincinsa, in yi masa ba'a a gaban 'ya'yansa?"

"Ba ka ci ba tukuna. Ci." Ta tura masa faranti. "Shekara hamsin da bakwai ina zaune da shi, ban samu wanda zai nuna masa kansa ba. Ka yi, alhakin a wuyana."

"Idan ya ɗaga sandar fa?"

"Ba ya iya gudu yanzu. Kai dai ka tsaya nesa kaɗan."

Bayan la'asar tsakar gidan ta cika. 'Ya'ya, surukai, jikoki, maƙwabta, har da waɗanda suka hau katanga. Zaglul ya tsaya a gindin ɓaure, ya yanke wa kansa shawarar ba zai taɓa Hajj Dabbus ba. Ya fara da wasan masunci da matarsa, ya yi na mai gyaran rediyo, ya rera wata tsohuwar waƙar barkwanci da suka tsara tare. Aka yi dariya, amma irin ta kara, wadda ake yi wa baƙo. Shi kansa yana jin ramukan. Duk inda ya kamata muryarta ta faɗo, sai ya faɗi maganar da tasa, ta fito ba gishiri.

Da ya tsaya, Hajj Mitwalli ya ce, "Shi ke nan?"

"Kusan haka, Hajj."

"Don wannan ta bar gidan ubanta?"

Bai faɗa da izgili ba, tambaya ce kawai, shi ya sa ta fi zafi. Zaglul ya ji jini ya hau masa kai. A ce masa gajere, a ce masa ba ya da ban dariya, duk ya saba. Amma a auna Insaf da wannan abin da ya yi yanzu, a gidan da aka haife ta, a gaban mutanen da ba su taɓa ganinta ba?

"A'a," ya ce. "Ba don wannan ba."

Ya durƙusa ya buɗe akwatin. Bai taɓa saka gashin bakin ba, ko sau ɗaya. Ya naɗa rawanin, ya ɗauki sandar, ya riƙe gashin da yatsu biyu, yadda in ya kai shi leɓe ya zama tsohon, in ya sauke ya zama saurayin.

Ya sauke, ya rusuna. "Salamu alaikum, Hajj. Na zo neman auren 'yarka."

Ya kai gashin leɓe. Ya yi gyaran murya, ya sake, ya saki na ukun da fitonsa. Ya doka sanda. "A gidan nan? Ina raye?"

Tsakar gidan ta yi tsit. Wata daga cikin surukan ta cusa gefen mayafi a baki ta cije. Babban ɗan Hajj ya sunkuyar da kai yana nazarin yatsun ƙafarsa. Ba mai kallon dakali.

Zaglul ya sauke gashin, ya yi fuskar tausayi. "To Hajj, in jira?"

"Ka jira me?"

"Ka ce kana raye. Ni ba gaggawa nake ba."

Wani a kan katanga ya yi wani irin sauti kamar an shaƙe akuya.

"Meye sana'arka?"

"Aikin gwamnati, Hajj. Har tebur gare ni."

"Teburin yana ba da nono?"

"A'a."

"Yana haihuwa?"

"Bai taɓa ba."

"To ajiye shi kake yi don me?" Zaglul ya juya wajen garke, da muryar da ya ji yanzu tana fita daidai, kamar ba daga maƙogwaronsa ba. "Ke Aziza, kin ji abin da yake cewa?"

Aziza ta bakwai, da ta ji sunanta, ta ɗago kai ta saki wani dogon kuka.

Hajja Bahiyya ce ta fara faɗuwa. Ta kife a jikin Tahani tana haki. Sauran suka riƙe numfashi, duk ido ya koma kan Hajj Mitwalli. Fuskarsa ba ta motsa ba, amma gashin bakinsa yana karkarwa. Ya yi gyaran murya sau uku cif, ya doka sanda, ya ce, "Wallahi wannan Babanmu ne sak, Allah ya jiƙansa! Haka yake yi. Mutum ne mai wuyar sha'ani, mun sha fama da shi."

Ai kuwa gidan ya fashe. Maza suna dukan cinya, mata suna guɗa, wani ya faɗo daga katanga cikin tarin harawa. Hajj ya ga ana dariya, shi ma ya saki tasa, wata irin tsohuwar dariya mai tsatsa kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, jikokinsa suka tsaya suna kallonsa baki buɗe.

"Ci gaba!" ya ce. "Wa ya ce ka tsaya?"

Zaglul ya kai wasan ƙarshe, inda tsohon, bayan ya wahalar da saurayin, ya tambayi Aziza, ta yarda, ya ba da 'yar yana kuka yana cewa hayaƙi ne ya shiga masa ido. Hajj ya sa aka maimaita. Aka sake maimaitawa. Sai da aka kira magariba aka tashi, Zaglul muryarsa ta dushe, jikinsa sharkaf da gumi, yana jin sauƙi a ƙirjinsa irin wanda ya manta yadda yake.

Washegari bayan sallar asuba Hajj ya ce ya raka shi gona. Suka bi bakin magudana a hankali, tsofaffi biyu, ɗaya da sanda ɗaya da tari.

"Babanmu bai taɓa ajiye gashin baki ba," in ji Hajj, yana kallon gabansa. "Kullum a aske yake. Mutum ne mai sanyin hali, ko kaza ba ya iya kora."

Zaglul ya juyo ya dube shi.

"Kada ka ɗauke ni wawa. Na faɗi haka ne don yaran su samu su yi dariya, na ga za su mutu."

"Ka yi haƙuri, Hajj."

"Na taɓa zuwa Iskandariyya, shekara ashirin da wani abu ke nan. Na kai auduga, wani ya ce mini kuna wasa a wata rumfa a bakin teku. Na je har ƙofa. Ban shiga ba, na riga na rantse a gaban mutanen gari ba zan sake kallon fuskarta ba. Na tsaya a bayan tanti. Sai na ji gyaran muryata daga ciki, na ji mutum ɗari biyar suna dariya." Ya tsaya ya huta a kan sandar. "Na fusata, na kama hanyar tasha. Jirgi ko tashar Kafr Dawwar bai kai ba na fara dariya ni kaɗai, har mai duba tikiti ya tambaye ni ko lafiya. Na ji, amma ban gani ba. Shi nake so in gani."

"Me ya hana ka dawowa?"

"Rantsuwa. Ita da sauƙi, da na ciyar da miskinai goma ta wuce. Girman kai ne ba shi da kaffara." Ya juyo ya dubi Zaglul sosai, karo na farko. "Faɗa mini gaskiya. Ta tsane ni?"

Zaglul ya yi tunani, don tambayar ta cancanci gaskiya. "Ta yi fushi da kai, ta daɗe tana yi. Amma bari in ba ka labari. Mai ƙungiyarmu na farko ya so a ƙare wasan da jefa tsohon cikin magudana, wai an fi dariya. Insaf ta ce ba wanda zai jefa shi ko'ina. Ya ce ko ta yarda ko ta bar aiki. Ta cire rawanin ta miƙa masa, muka yi wata huɗu ba aiki, har ya zo da kansa ya ba ta haƙuri. Ita ta tsara ƙarshen da ka gani jiya. Kuma gashin bakin nan, ko ni ba ta bari in taɓa. Ita take naɗe shi da hannunta."

Hajj ya juya baya yana duban audugarsa. Ya daɗe a haka. Zaglul ya bar shi.

Da suka kamo hanyar dawowa Zaglul ya ce, "Hajj, ni ma ina da tambaya. Tabon nan da ke haɓarta, me ya ji mata? Ta ce mini raƙumi ne ya cije ta. Wata shekara ta ce faɗa ta yi da wani matuƙin jirgin ruwa. Ta taɓa cewa ma harsashi ne."

"Raƙumi!" Hajj ya tsaya cak. "Daga kan ɓauren gidanmu ta faɗo. Ta hau tana kwaikwayon mai tallar kananzir, matan unguwa duk suka fito da kwalabe, ba kowa. Dariya ce ta kayar da ita. Ni na ɗauke ta a kafaɗa har wajen wanzami, jini yana zuba tana ta dariya."

Zaglul ya zauna a bakin magudana. Ya ɗauka ya gama sanin duk abin da zai sani game da Insaf, ya ɗauka abin da ya rage masa sai maimaici. Ga shi an ba shi sabo fil.

"Akwai wani?" ya ce.

"Wani? Ka tambayi Bahiyya labarin ranar da ta aurar da agwagwa da zakara, ta gayyaci limamin gari."

Kwana ɗaya ya zo yi, ya yi tara. Da rana yana bin tsofaffin ƙauyen gida gida suna ba shi labarinta tana yarinya, da yamma shi kuma yana ba 'yan gidan nata na birni: yadda ta taɓa korar ɗan sanda daga dandali da tsintsiya mutane suka ɗauka cikin wasan ne, yadda ba ta iya dafa shinkafa ba har ta koma ga Allah. Tahani ta kai ƙaramin hoton Damanhur aka faɗaɗa shi. Hajj bai ce a rataye ba, bai kuma ce kada a rataye ba, sai dai da ya ga an sa shi a zaure ya ce ya karkace, a gyara.

Da aka gama tsinkar auduga Hajj Mitwalli ya zo Iskandariyya, shi da Hajja da Tahani. Zaglul ya kai su maƙabarta da safe. Hajja ta yi kukanta ta gama, ta zuba ruwa a kan kabarin. Hajj ya ce su ba shi wuri. Suka koma gindin wata bishiya, suna hango shi a tsaye, bakinsa yana motsi, wani lokaci har da nuni da sanda kamar mai gardama. Ba wanda ya tambaye shi abin da ya faɗa.

Daga nan Zaglul ya kai su cin kifi a unguwar Bahari, a wani shago mai tebura a waje, dab da ruwa. Rana ta yi kyau, kwale-kwalen masunta suna ta shigowa. Hajj ya ci gasasshen kifi uku yana cewa bai kai na magudanarsu ba. Da ya wanke hannu sai ya jingina, ya zuba wa tekun ido, ya bi shi da kallo daga wannan gefe zuwa wancan, yana girgiza kai.

"Me ka gani, Hajj?" in ji Zaglul.

"Duk wannan fili," in ji tsohon cikin takaici, "ba wanda ya shuka komai a ciki."

Hajja ta ƙware da ruwa. Zaglul ya ajiye ƙayar da ke hannunsa, ya san da Insaf tana teburin nan da tuni ta sace maganar, kafin sati ya zagayo duk garin yana faɗinta.

"Don Allah Hajj, sake faɗa," ya ce. "A hankali, yadda ka faɗa ɗazu."

"In sake faɗin me? Ƙarya na yi?"

"Wallahi gaskiya ka faɗa."

"To miƙo mini lemon tsamin can, ka kira yaron shagon ya ƙaro kifi ɗaya."